Mutum Na Bakwai A Shari'ar Fadama

Akwai wani masinjan kotu a Dutse da ake kira Malam Ɗayyabu. Aikinsa kai sammaci da takardun shari'a. Ya shekara talatin da huɗu yana yi, saura masa wata tara ya yi ritaya.

Ga wanda bai san aikin ba, idan aka shigar da ƙara ko aka ɗaukaka ta, dole a kai wa duk wanda sunansa ke ciki kwafin takardun, hannu da hannu. Daga nan masinja ya dawo ya cike takardar rantsuwa, ya ce ranar kaza, a wuri kaza, na miƙa wa wane. Da wannan takarda alƙali yake dogara, tunda shi bai je ƙauyen ba kuma bai ga kowa ba.

Aiki ne da ba a maraba da mai yinsa. An sha rufe wa Malam Ɗayyabu ƙofa. An taɓa sakar masa kare. An sha ce masa "ba ya nan," alhali yana jiyo tarin mutumin daga cikin ɗaki. Duk ya saba, amma maganar gaskiya ya gaji. Gwiwoyinsa sun gaji, tsohon babur ɗinsa ya gaji, har haƙurinsa ma ya fara ƙarewa. Abu ɗaya ya rage masa a rai, ya ajiye aikin nan lafiya ba tare da tabo a fayil ɗinsa ba.

Ana nan sai wata shari'a ta faɗo teburinsa.

Wata hukumar gwamnati ce ta karɓe fadamar wasu manoma bakwai a wani ƙauye da ke bayan Aujara. Manoman suka kai ƙara, aka shekara shida ana jeka-ka-dawo, daga ƙarshe kotu ta ce a mayar musu da gonakinsu. Hukumar ba ta yarda ba, ta ɗaukaka ƙara, su kuma manoman suka ci gaba da noma gonakinsu kafin a gama. Sannan ta bi ta bayan fage ta ce a yi sulhu, su bar mata fadamar, ita kuma ta ba su wasu gonaki a kan tudu.

Lauyan hukumar shi ne Barista Haisam, matashi ne ɗan gayu, kullum waya a kunne. Irin mutanen nan ne da suke gaisawa da kai idonsu na kan agogo. Ya shigo ofis ya dire takardun a gaban Malam Ɗayyabu.

Ya ce, "Baba, mutum bakwai ne, duk gari ɗaya. Laraba ta sama za a zauna. Sun riga sun yarda da sulhu, cika ƙa'ida kawai za ka yi. Ka je yau ka dawo yau."

Malam Ɗayyabu ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Lokacin zafi ne, ƙarshen watan Maris. Ya bi kwalta har inda ta ƙare, ya shiga yashi, babur yana tafiya yana turjewa. Sai bayan azahar ya isa zauren mai unguwa. Aka ba shi ruwan randa ya sha, aka aika a kira mutanen.

Ya dinga kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya matso ya karɓi kwafinsa, ya dangwala yatsa. Mutum shida suka karɓa. Ya kira na bakwai.

"Ubaidullahi Hussaini."

Can wani mai furfura a gemu ya matso, ɗaya daga cikin shidan nan, sunansa Gwadabe. Ya miƙo hannu ya ce, "Yayana ne, Malam. Kawo in karɓar masa."

"Shi yana ina?"

Gwadabe ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi ƙasa. Daga ƙarshe mai unguwar ne ya ce, "Allah ya yi masa rasuwa. Yau kwana ashirin da uku."

Malam Ɗayyabu ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka ɗaga hannu aka yi wa mamacin addu'a, aka shafa. Sannan ya mayar da takarda ta bakwai cikin jaka.

Gwadabe ya ce, "Malam, tsaya mana. Don girman Allah kar ka rubuta ya rasu. Ka san abin da zai biyo baya, ka fi mu sani. Za a ɗage shari'a, a ce sai an nemo magada, a sake sabon lale. Shekara shida muna bin hanyar Dutse. Mu bar gida ko kumallo ba mu karya ba, mu wuni a kan benci, a ce mana an ɗage. Dubi Baba Sale can, da ƙafarsa ya fara shari'ar nan, yanzu sai da sanda. Wallahi mun gaji. Ka ba ni in dangwala masa, ranar Laraba a ce bai samu zuwa ba, a gama kowa ya huta."

Shi kuwa Baba Salen, tsoho ne da ba ya iya riƙe magana a ciki. Ya ce, "Dama ai shi kaɗai ne ya ƙi sulhun, Allah ya jiƙansa. Ya ce ko da shi kaɗai ya rage ba zai saki fadamarsa ba."

Aka yi ta hararar tsohon, amma magana ta riga ta fita.

Malam Ɗayyabu ya ce, "Wa ya bari?"

Gwadabe ya ce, "Matarsa Hindatu, da 'ya'ya mata uku."

"Sun san za a ba da gonar?"

Mai unguwa ya ce, "Haba Malam! Mace tana takaba za a kai mata maganar kotu? Ai ba a yi. Mu nan ko maganar rabon gado ba ma tayarwa sai ta fita."

Gaskiya ne, haka ake yi, kuma al'ada ce mai kyau. An yi ta ne don a bar mace ta ji da rashin da ta yi. Amma ku duba lissafin. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, shari'a kuwa saura mako guda. Kafin Hindatu ta leƙo ƙofar gida, gonar da take ci da ita da 'ya'yanta ta zama ta hukuma, da hatimin kotu a kai.

Kada ku ɗauka Malam Ɗayyabu waliyyi ne. Ya zaro takardar, ya cire murfin biro. Ya san masinjoji da yawa haka suke yi, su ajiye wa mai unguwa, a dangwala, su rantse sun miƙa. Ya san idan ya rubuta gaskiya shi za a sake turowa cikin yashin nan. Mutum shida suna roƙonsa, kuma gajiyarsu ta gaske ce, ya gan ta a fuskokinsu. Ya jima yana kallon layin da babu dangwale a kai.

Sai ya mayar da murfin biron ya ce, "Ku kai ni in yi ta'aziyya."

Wannan kam babu mai iya hanawa. Aka raka shi gidan marigayin. Ya tsaya a bakin zaure, Hindatu tana zaune daga ciki, zana ta raba su, ba ya ganin ta. Ya yi mata gaisuwa, ta amsa a hankali. Sannan ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. Ya nemi afuwar tayar da maganar a irin wannan lokaci, ya gaya mata abin da za a yi ranar Laraba.

Sai ya ji muryarta.

"Har da gonar maigidana za a bayar?"

"Har da ita."

"Shinkafar da muke ci daga nan take fitowa. Tudun da suke faɗa na san shi, yashi ne zalla, ko gyaɗa sai da lallashi." Ta ɗan tsagaita. "Ni kuwa ga ni a ɗaki. Ba halin in fita sai na gama."

Malam Ɗayyabu ya ce, "Baiwar Allah, ni ba lauya ba ne, ba alƙali ba. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Abin da na gani shi zan rubuta."

Ta ce, "Allah ya sa ka gama lafiya."

Da zai tayar da babur, Gwadabe ya biyo shi, idanunsa sun kaɗa. Ya ce, "Ka ƙara mana wata shekarar a hanya, Malam. Kai gobe ka manta da mu. Mu ne za mu ci gaba da zaman benci."

Malam Ɗayyabu ya ja babur ɗinsa ya tafi.

Washegari da safe ya cike takardar rantsuwa. Ya rubuta an miƙa wa mutum shida, na bakwai ya rasu ranar uku ga wata, ya bar mata da 'ya'ya uku. Aka buga mata hatimi, aka ɗinke ta cikin fayil.

Wajen hantsi Barista Haisam ya shigo, ya tambaya ko an gama. Da ya ji bayani sai ya cire wayar daga kunne, abin da ba a cika gani ba.

Ya ce, "Wa ya aike ka binciken wanda ya mutu da wanda bai mutu ba? Kai likita ne? Aikinka ka miƙa takarda!"

Malam Ɗayyabu ya ce, "Wa zan miƙa wa, ranka ya daɗe?"

"Ka san wata nawa na yi ina haɗa sulhun nan? Masinja guda zai rusa min aiki? To za ka gani."

Kuma ya gani. Kafin a tashi aiki an rubuta ƙorafi a kansa cewa ya ƙi kammala aikin da aka ba shi, ya kuma shiga zuga ɓangare ɗaya. Aka miƙo masa takardar tuhuma, ta farko a rayuwarsa. Aka ce kafin a gama bincike ya koma ɗakin ajiyar tsofaffin fayil, inda ba taga sai ƙwan lantarki ɗaya.

Takarda ta bakwai kuwa aka ba wani abokin aikinsa, Kamilu. Ya tafi da safe, kafin la'asar ya dawo da dangwale a kanta, ya rantse ya miƙa wa Ubaidullahi Hussaini hannu da hannu. Da zai wuce ta ƙofar ɗakin ajiya sai ya leƙo.

Ya ce, "Baba Ɗayyabu, kai ma dai da neman wahala. Ni na ba mai unguwa, aka shiga da ita aka fito da dangwale. Ban tambayi yatsan wa ba ne."

Malam Ɗayyabu ya ce, "Allah ya kyauta," ya ci gaba da jera fayil.

A gida matarsa Larai ta kawo masa abinci bayan la'asar, ya ci loma biyu ya ture. Ta zauna a gefen tabarma ta ce, "Malam, saura wata tara fa. Shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa nuna ka da yatsa. Yanzu kan matar da ko fuskarta ba ka gani ba?"

Ya ce, "Larai, wallahi saura kaɗan in sa hannu. Biro na buɗe. Sai na tuna ni ma wata rana ke za a bari a ɗaki, a yi ta yanke magana a zaure."

Ta rufe kwanon ta ɗauke.

Ranar Laraba kotu ta zauna. Mai shari'ar mace ce dattijuwa, ba ta da gaggawa, komai sai ta karanta. Manoma shida suka jeru a benci. Barista Haisam ya miƙe ya ce an kai wa kowa takarda, shida sun zo, na bakwai ya karɓa amma bai halarta ba, ƙaninsa ya sa hannu a madadinsa. Ya roƙi kotu ta amince da sulhun ta mayar da shi hukunci.

Abin da ya ci Barista shi ne raini. Tunda yake aiki bai taɓa zama ya karanta abin da masinja ya rubuta ba. Ya ɗauka da zuwan takardar Kamilu ta Malam Ɗayyabu ta ɓace. Bai san tana nan a ɗinke ba, shafi biyu kafin ɗayar.

Mai shari'a ta buɗe shafi, ta koma baya, ta sake dawowa. Ta cire tabarau.

Ta ce, "Barista, rantsuwa biyu nake gani a kan mutum ɗaya. Ta farko ta ce ya rasu ranar uku ga wata. Ta biyu ta ce ya karɓi takarda da hannunsa ranar ashirin da takwas. Wacce kake so in ɗauka?"

Barista ya fara kame-kame. Ta ɗaga masa hannu, ta juya ga benci ta tambaya wane ne ƙanin mutumin. Gwadabe ya miƙe.

"Yayanka yana raye?"

Gwadabe mutum ne da ya gaji, amma ba maƙaryaci ba ne. Ya ce, "Ranki ya daɗe, da hannuna na sa shi a kabari."

Ta ajiye biro. Abin da ta gaya wa Barista Haisam a gaban jama'a, ba na jin zai manta da shi har ya tsufa. Ta ba da umarni a binciki Kamilu, kuma daga ranar aka dakatar da shi. Hukumar ma ba ta sake turo Barista Haisam a kan shari'ar ba.

Sannan ta sa aka kira Malam Ɗayyabu daga ɗakin ajiya. Ya shigo da yanar gizo-gizo a kafaɗar rigarsa. Ta tambaye shi yaushe matar za ta fita takaba. Ya lissafa da yatsu ya ce tsakiyar watan Yuli. Ta ɗage shari'ar zuwa ƙarshen Yuli, ta ce a cire sunan marigayi a sa na magadansa, kuma shi Malam Ɗayyabu ne zai kai musu takarda.

Kada ku zaci an tafa masa. Manoman shida suka wuce shi a baranda, ko kallonsa ba su yi ba. Baba Sale ne kaɗai ya tsaya, ya dogara da sandarsa ya ce, "Wata huɗu kuma," ya girgiza kai ya bi sauran. Takardar tuhumar dai an janye ta a makon, ba tare da wani ya ce masa yi haƙuri ba.

Damina ta sauka. Ya sake ɗaukar hanyar, wannan karon cikin taɓo. Hindatu ta fito zaure da kanta, 'ya'yanta uku a bayanta. Doguwar mace ce siririya, ta manyanta. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta juya ta, ta ce, "Nuna min inda sunana yake."

Ya ɗora yatsa a kan layin. Ta daɗe tana kallon wurin, duk da ba ta iya karatun boko ba.

Ta ce, "Shekara shida ni nake dama furar da ake tafiya da ita Dutse. Ba wanda ya taɓa dawowa ya gaya min abin da aka ce, in ban da Malam, Allah ya jiƙansa."

Ranar zama ta zo kotu da 'ya'yanta. Mai shari'a ta sa aka karanta mata sulhun da Hausa, daga farko har ƙarshe, sannan ta ce, "Kin ji abin da aka rubuta. Kin yarda?"

Hindatu ta ce, "Sai yau aka tambaye ni, ranki ya daɗe. Ban yarda ba. 'Ya'yana ma ba su yarda ba."

Aka amince da sulhun a kan mutum shida, suka karɓi tudunsu suka huta da hanya. Gonar Malam Ubaidullahi aka ware ta, aka ce a ci gaba da shari'a a kanta. Aka ɗage sau ɗaya, aka ɗage sau biyu. Hindatu ba ta taɓa fashi ba. Ta zo ta zauna a benci, a ce an ɗage, ta gyara mayafi ta koma tasha.

Ashe hukuma ma tana gajiya. Gonar a gefen fadamar take, ba ta tare musu aiki ba, kuma sabon lauyansu ya ga babu riba a ci gaba da jan mace guda. A watan Nuwamba suka rubuta sun janye ƙarar a kan wannan gona. Hukuncin farko ya tsaya.

Ita ma takardar janyewar sai an kai wa kowane ɓangare. Malam Ɗayyabu ya ce shi zai kai. Bai sami Hindatu a gida ba, aka yi masa kwatancen fadamar. Ya tarar da ita da 'ya'yanta suna yankan shinkafa. Gwadabe ma yana can gefe yana ɗaure musu dami, da ya hango shi sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Ta ajiye lauje ta goge hannu a zani, ta karɓi takardar. Ya karanta mata, ya fassara. Ta ce ya sake maimaita wurin da aka ce an janye. Ya maimaita.

Sai ta zauna a kan kunyar gona, takardar a cinyarta, ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka sosai. 'Ya'yan suka tsaya cirko-cirko da lauje a hannu. Malam Ɗayyabu ya kawar da kai, shi ma idonsa ya cika.

Da ta natsu ta share fuska ta ce, "Malam, tun watan Yuli aka ce na fita takaba. Wallahi sai yau na ji na fita."

Darasi: Babu ƙaramin aiki idan haƙƙin wani ya rataya a kansa. Gajiya ba ta halatta rantsuwar ƙarya, kuma yawan waɗanda suka yarda ba ya shafe haƙƙin wanda ba a tambaya ba. Kada mu fake da tausayi ko al'ada mu yanke magana a bayan idon marayu da matan da aka mutu aka bari. Kai da kake sa hannu a takarda, ka tuna akwai mutum a bayan kowane suna. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, musamman ma'aikata, wataƙila wani yana riƙe da buɗaɗɗen biro a yau.